Sawun Cokali a Murfi

Shafi na 19

Masu cika min akwatin saƙo da "ina ci gaba", duk na gan ku, har da wadda ta ce za ta zo ta ƙwace wayar ta ƙarasa rubutun da kanta. Ki ajiye takalminki, baiwar Allah. Ga shi nan.

*

Auta ba ta yi sallama ba sai da ta kai tsakiyar falo, shi ma don ta ga Umma ta ɗago kai ne. Filas ɗin yana ƙarƙashin hammatarta. Haka ta rungumo shi tun daga ofis, ko jaka ba ta tsaya nema masa ba.

Umma tana kujerarta ta kusa da taga, tabarau a kan hanci, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Yaya, babbar 'yar gidan da take aure a bayan layi, tana zaune a ƙasa tana ninke wankin tsohuwar. Su biyun suka dubi agogon bango, sannan suka dubi Auta. Ba a saba ganinta da rana tsaka ba. Tun da ta kama aiki a kamfanin kayan kicin ɗin nan, sai rana ta faɗi take shigowa.

Umma ta tambaya ko lafiya, ko dai korar ta aka yi. Auta ta ce lafiya lau. Ta jawo ɗan teburin tsakiya har gaban tsohuwar, ta dire filas a kai.

Wanda ya shigo labarin nan a tsakiya, filas ɗin nan shi ne rayuwar Auta tun bara. Aikinta zanen kaya ne. Kafin masana'anta ta buga kofi ko tukunya ko mariƙin wuƙa, irinsu ne suke zama su yanke yadda abin zai zauna a hannu, inda yatsa zai faɗa, da nauyin da zai yi in an cika shi. Ta daɗe tana gyaran zanen wasu, sai bara Oga, shugabanta a ofis, ya ba ta nata na kanta: filas na tsofaffi, wanda ba a murɗa murfinsa. Madanni ne guda a sama, ka danna da babban yatsa, murfi ya ɗaga. Har laƙabi ya jawo mata a ofis, 'Yar Murfi. Kuma a hannun Umma ta auna shi. Yumɓu ta kawo gida, ta sa tsohuwar ta damƙa, ta kai sawun ofis, ta dasa madannin daidai inda yatsan ya kwanta.

Da gwaji ya zo, ƙa'idar aikin ita ce a tara tsofaffi, a miƙa musu samfurin, a koma gefe a yi shiru a kalli hannunsu. Lokaci ya ƙure, Oga ya ce babu sarari. Auta, da bakinta, ta ce ai tana da tsohuwa a gida. Ta kawo samfurin ta ajiye. Kullum in ta dawo ta tambaya, kullum Umma ta ce abin nan ya hutar da ita. Ita kuma ta kai wa ofis cewa an gwada, ya yi. A kan wannan maganar yau za a ba masu yankan ƙarfe izini su sassaƙa ƙarfen da za a riƙa zuba robar murfin a ciki, kuma shi ƙarfen nan in an yanka an yanka, ba a mayar da shi.

Sai da safen nan, da ta mayar da samfurin ofis, Injiniya, abokin aikinta, ya sa shi ƙarƙashin fitila yana jujjuyawa, ya tambaya cikin wasa wai wa yake buɗe wannan da cokali. Kowa ya yi dariya. Auta ta karɓa ta duba, ta ɗauki hanya.

"Umma, buɗe min."

Umma ta ƙare wa filas ɗin kallo sama da ƙasa, sai ka ce yau ta fara ganinsa. Ta ce ita ba ta jin shan shayi yanzu, wa yake shan abu mai zafi da ranar nan. Auta ta ce babu komai a ciki, buɗewa kawai take so. Umma ta ce hannunta da maiƙo, yanzu ta shafa mai. Auta ta zaro tawul daga wankin da aka ninke ta miƙa mata.

Yaya ta miƙo hannu. "Kawo nan, ke dai da neman magana. Ba dannawa ba ce?"

Auta ta dafe murfin da tafinta. "Yaya, ba don ke aka yi shi ba."

Nan Yaya ta samu ƙofa. Ta ce wannan wace irin tarbiyya ce, mutum ya faɗo gida ba gaisuwa, ya tsaya a kan uwarsa yana ba ta umarni. Ta ce in aikin ne yake hawa mata kai, to ta bar shi a bakin ƙofa in za ta shigo. Yaya ta iya faɗa, kowa ya shaide ta, amma yau faɗan ya yi sauri da yawa, kuma idonta yana kan Umma, ba kan wadda take yi wa ba. Auta ta lura da wannan.

Ta durƙusa, ta juya murfin ya fuskanci taga. A gefen madannin, robar ta yi ƙananan karce masu lanƙwasa, wasu a kan wasu, ɓangare guda har ya yi rami. Ta ce yatsa ba ya yin wannan, farce ma ba ya yi. Ƙarfe ne, mai faɗin baki, an cusa shi an danna da ƙarfi, kuma ba sau ɗaya ba.

Umma ta ce wataƙila wajen wanki ne.

"Wa yake wanke shi?"

Rediyo ya ci gaba da surutunsa, Yaya ta miƙe ta kashe shi.

Abin haushin, Auta ce a ofis take tsare sababbin ma'aikata da huɗuba. Kada ku tambayi mutum ko abu ya yi masa, ku kalli hannunsa, mutane suna jin nauyin mai tambaya. Har allo take jawowa ta zana musu. Ita ce kuma ta yi watanni tana tsayawa a ƙofar falon nan, takalmi a hannu, tana cewa "Umma, ya filas?" Ko sau ɗaya ba ta zauna ta ga an buɗe shi ba. In ta dawo ta tarar da shi da ɗumi, da ragowar shayi a gindi, sai ranta ya yi fari ta wuce ɗaki.

"Umma, don Allah. Sau ɗaya."

Tsohuwar ta cire tabarau ta ajiye a hannun kujera. Ta jawo filas ɗin kusa, ta ɗora babban yatsanta daidai inda aka yi masa gurbi. Ya zauna cif, wannan kam ba a yi kuskure ba. Ta danna.

Murfi bai motsa ba.

Ta sake dannawa, ta cije leɓe. Yatsan ya lanƙwashe gefe daga gindinsa, ya fara rawa. Ta kawo na hagu ta ɗora a kai, ta sa nauyin kafaɗarta, filas ya zame ya yi gaba, sai da Auta ta tare shi da gwiwa. Umma ta janye hannun ta ajiye a cinya, tana numfashi.

Auta ta kamo hannun. Tsohuwar ta so ƙwacewa, ba ta iya ba. Gindin babban yatsan ya kumbura, ya yi ƙulli mai tauri, fatar wurin tana sheƙi. Wannan ba shi ne hannun da ya damƙi yumɓu bara ba. Sai abubuwa suka riƙa faɗo mata ɗaya bayan ɗaya: zoben da Umma ta daina sawa ta ce ya ishe ta, rigunan maɓalli da ta rabar, kwalbar magani da take miƙo mata ta ce buɗe min, idona ba ya gani. Duk a gabanta aka yi. Kunya ta kama ta, irin wadda take sa mutum ya rasa inda zai ajiye idonsa.

"Tun yaushe?"

Umma ta ce ɗan sanyi ne, yana zuwa yana tafiya.

"Ba sanyi ba ne," in ji Yaya. "Umma, ki bar ni, na gaji."

Umma ta harare ta. Yaya ta yi biris, ta zauna a hannun kujera ta zazzage komai. Ciwon gaɓoɓi ne, likita ya gani tun kafin a kawo samfurin gidan nan, ita ta raka ta. Ranar da Auta ta shigo da filas tana tsalle, Umma ta jira ta shiga wanka ta gwada, ya ƙi. Tun daga ranar, Yaya ce take zuwa da safe bayan Auta ta fita, ta buɗe, ta zuba, ta rufe. Da yamma ta sake leƙowa ta tsiyaye, ta bar ɗan kaɗan a gindi don a gani. Mijinta har ya fara tambaya ko a gidan nan aka sake ɗaura mata aure. Ranar da ba ta samu zuwa ba kuwa, ko ta makara, Umma takan matse filas ɗin tsakanin gwiwoyinta ta danna da gindin cokali.

Auta ta saki hannun Umma a hankali. "Tsakanin gwiwoyi. Da tafasasshen ruwa a ciki."

Yaya ta dubi Umma.

"Kada ki soma," in ji Umma.

"Ƙunar da ta yi a cinya," in ji Yaya. "Ba man girki ba ne."

Auta ta zauna daɓas a ƙasa. Ta tuna ƙunar sarai. Ita ta je kantin magani ta sayo man shafawa, ita ta yi ta faɗa cewa Umma ta daina shiga kicin, ga Yaya ga ita. Har cewa ta yi ai shi ya sa ta kawo mata filas, don ta huta da ɗaukar tukunya. Umma ta ce haka ne, 'yar albarka.

Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ta yi, me ya sa.

Umma ta ɗauki tabarau ta mayar, ta gyara zama, ta koma Umman da aka sani. Ta ce wane irin me ya sa. Ba ita ta zo da yumɓu ba? Ba ita ta riƙa gaya wa duk wanda ya shigo gidan nan cewa a hannun uwarta ta auna ba? Babansu har ya koma ga Allah bai gane aikinta ba, in an tambaye shi sai ya ce tana zana kofuna. Yanzu an ba ta abu nata, da za a shiga kanti a gan shi a jere, sai ita tsohuwa ta buɗe baki ta ce bai yi ba?

"Abinki ba shi da laifi, Auta. Hannuna ne ya lalace."

"Umma, don irin hannun nan aka yi shi."

"Na mutane ba haka yake ba."

"Haka yake. Duk wadda za ta saye shi, ko a saya mata, don murɗawa ta gagare ta ne. Ke ce ita, Umma. Babu wata."

Umma ta kau da kai ta dubi taga.

Yaya, da ta sauke nata nauyin, sai ta koma mai sulhu. Ta ce to yanzu an ji, sai a yi dabara. A sassauta ɗan ƙarfen da yake cikin madannin mana, ya yi laushi, shi ke nan. Auta ta girgiza kai. Sifirin ɗin da Yaya take nufi, sun sha fama a kansa ita da Injiniya. In ya yi laushi, filas yana faɗuwa murfi zai buɗe, ruwan zafi ya watsu a ƙafar wanda yake kusa. Taurin nan da gangan aka sa shi. Gyara ɗaya ne: a cire madannin yatsa gaba ɗaya, a yi murfi mai faɗi da za a danna da tafin hannu. Wannan kuma sabon zane ne, sabon gwaji, sabon ƙarfe.

Yaya ta ce to a bar wannan ya fita, in ya so a gyara a na biyu. Ai haka kamfanoni suke yi, ita ma ta sani, wayarta ma ba haka aka yi da ita ba? Ta ce in Auta ta je ta ce a tsaya, tambayar farko da za a yi mata ita ce ina gwajin da ta ce ta yi. Me za ta ce? Aikin nan za su karɓe su ba wani, in ma sun bar ta a kujerar.

Gaskiya Yaya ta faɗa, kuma Auta ta sani. Zuciyarta ma ta ɗan karkata, ba za a ɓoye ba. Wa zai sani? Injiniya wasa ya yi, ya riga ya manta. Matasan ofis duk suna buɗe shi da yatsa ɗaya suna hira. Murfin yana da kyau, shi ne abu mafi kyau da ta taɓa zanawa. Ta zauna tana kallonsa, tana kallon zanen da ya rufe cinyar Umma.

Wayarta ta yi ƙara.

Oga ne. Ta bar ta ta katse. Ta sake yin ƙara. Yaya ta ce ta ɗauka mana, Umma ta ce ta ɗauka ta ce komai lafiya. Auta ta ajiye wayar a tebur kusa da filas, ta buɗe muryar kowa ya ji.

Oga bai tsaya gaisuwa ba. Ya tambaya ina ta shiga da samfurin mutane, ana nemanta ko'ina. Ta ce tana gida. Maimakon faɗa sai muryarsa ta washe. Ya ce madalla, hakan ma ya fi. Mai kamfani da kanta ta shigo, ga ta zaune a ofishinsa, ya ba ta labarin tsohuwar da aka auna murfin a hannunta, kuma tana so ta ji daga bakin mai gwajin.

"Umma tana kusa?"

Auta ta buɗe baki. Umma ta riga ta. Ta sunkuyo kan teburin, ta saki muryar nan tata ta karɓar baƙi, mai daɗi, ba ko gargada.

"Ina jin ka, ɗana. Ya aiki? Ai wannan abu kun taimaki tsofaffi. Da yatsa ɗaya nake buɗe shi, ko jikata ba na kira. Allah ya yi muku albarka."

Oga ya yi dariya. Can nesa da wayar wata murya ta mace ta ce amin, Mama, mun gode. Yaya ta dubi Auta, ta ɗaga mata gira, alamar shi ke nan, an wuce wurin. Umma ta koma ta jingina, ta tura hannun dama ƙarƙashin mayafi.

Auta ba ta taɓa ƙaryata uwarta a gaban kowa ba, ko a gaban Yaya. Ta jawo wayar gabanta.

"Ranka ya daɗe, a dakatar da yankan."

"Me kika ce?"

"Umma ba ta taɓa buɗe shi da yatsa ba. Ba ta iyawa. Da cokali take yi, har ya ƙona ta. Ni kuma ban taɓa zama na kalla ba, tambaya kawai nake yi. Gwajin da na ce an yi, ba a yi ba."

Yaya ta dafe kai. Umma ba ta motsa ba, ko kallon Auta ba ta yi ba. Wannan ya fi wa Auta ciwo a kan duk abin da za a faɗa a wayar.

Auta ta duba ko kiran ya yanke. Bai yanke ba. Da Oga ya dawo, muryarsa ta sauka ƙasa, babu dariya a ciki.

"'Yar Murfi, kin san kina fita na kira masu yankan ƙarfe? Jiya da bakinki kika ce min an gama. Ƙarfe yana kan inji tun ɗazu."

Auta ta rufe ido.

Aka ji jan kujera. Muryar macen nan ta matso kusa da wayar, a natse, ba ta ɗaga ba.

"Ba ni ita. Ke ce mai zanen?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Yanzu na ji magana biyu daga ɗaki ɗaya, kuma ba zan tsayar da inji a kan jin kunne ba. Ki ɗauko filas ɗin ki zo. Ki taho da mahaifiyar taki, ta buɗe shi a gabana."